Abin da ya same ni da zaren tiyata daren Talata, don Allah masu aikin asibiti ku shigo

Baban Ihsan: Assalamu alaikum jama'ar wanga gida. Masu aikin asibiti da ke nan ku taimaka ku warware mani wani abu, tun shekaranjiya shina ci mani rai. Daren Talata anka yi ma maiɗakina tiyatar haihuwa nan Gusau, alhamdu lillahi an samu ɗiya mace kuma dut suna lahiya. Wajen ƙarhe sha ɗaya anka miƙo mani takardar kayan da za ni sawo, kun dai san yadda aka yi, safar hannu, kanula ta ƙarin ruwa, robar hitsari, ruwan ƙari, zaren ɗinki huɗu da sauran tarkace. Nit tahi wani kemis da ba shi ruhewa da wuri nis sawo komi nik kawo. Ba a yi minti sha biyar ba sai ga wata sista ta leƙo ƙohwar tiyata da ɗan tasan ƙarhen nan nasu mai kamar wake, tac ce wa na mai wagga mata, nic ce ni na. Tan nuna mani ledar zaren, tac ce Malam dubi nan, ka ga da'ira da ɗigo tsakiya? Nic ce na gani. Tac ce to dubi bakin allurar da munka tarar ciki. Ni dai wallahi allura kawai nig gani lanƙwasassa, ita tac ce bakinta kusurwa uku na, ba ita ad da alamar da ke jikin ledar ba, kuma dut huɗun ba su amfani da su tunda lambarsu ɗaya. Hakanan nis sake hita cikin daren nan neman wani zare, raina ɓace, matata kwance an buɗe ta. Jiya wani abokina ka hwaɗa mani wai har Turai kamfani na janye kayan tiyata daga asibitoci don kawai an yi kuskuren rubutu jikin leda. Gaskiya na? In kuwa gaskiya na, to in an janye can, wa ka zuwa shi hwaɗa ma mai kemis na nan?

Maman Walid: Barka da arziki Baban Ihsan, Allah ya raya, Allah ya ba maijego lafiya.

Ɗan Kaura: Barka. Amma ni dai kada ka yarda da su wallahi, wannan tsohon salo ne, sai su ce naka bai yi ba don ka je shagon da suke da kamasho. An yi min haka lokacin aikin ƙabar mahaifina.

Sista Mai Tiyata: Ɗan Kaura ka ji tsoron Allah, ba ka wurin ka yanke hukunci. Ban ce babu masu cin kamasho ba, akwai su, amma mai neman kamasho ba ta fitowa da allura a tasa ta nuna maka. Baban Ihsan barka, kuma wallahi ka je ka nemi wannan baiwar Allah ka yi mata godiya. Shekarata 14 ina miƙa kaya a ɗakin tiyata, bari in gaya maka abin da ta gani. Allurar ɗinki iri biyu ce manya. Akwai mai zagayen jiki, ita ba ta yanka, ratsa nama take yi ta wuce naman ya koma ya rufe a kan zaren, da ita ake ɗinke mahaifa da hanji da duk wani abu mai laushi na cikin ciki, alamarta a leda da'ira da ɗigo. Akwai mai kaifi, bakinta kusurwa uku, ita don fata aka yi ta saboda fata tauri gare ta, alamarta kuma zanen kusurwa uku. To ka ɗauki mai kaifi ka sa a mahaifar da yanzun nan aka ciro jariri, ta yi laushi tiɓis ga jijiyoyin jini sun kumbura, duk inda ta bi yanka take bari, ka ja zare naman ya tsage, kana ɗinki jini na ƙaruwa. Mu kuma ba ma ganin allura sai an yage leda, rubutun nan shi ne idonmu.

Baban Ihsan: Inna lillahi. Sista to mi ya sa tac ce dut huɗun? Ai guda ɗaya anka buɗe.

Sista Mai Tiyata: Saboda lambar LOT. Ka duba sauran ukun in suna hannunka, za ka ga wani ɗan akwati an rubuta LOT a ciki, sai lambobi a gefe. Duk kayan da ke ɗauke da lamba ɗaya tare aka yi su, inji ɗaya, zubi ɗaya, naɗin leda ɗaya. In injin ya zuba allurar fata a ledar allurar ciki, da wuya a ce guda ɗaya tal ya yi wa haka. Ita kuma ba ta da lokacin da za ta tsaya tana yage su ɗaya bayan ɗaya tana caca da kuɗinka da ran matarka.

Alhaji Mai Kemis: Salamu alaikum. Ni sana'ata ce ake magana a kai don haka dole in sa baki. Ina roƙon jama'a kada a mayar da abin kan masu kemis. Mu kwali muke saye a rufe, dozin ɗaya a ciki, daga dila a Kano ko Onica ko Legas. Ba mu da ikon buɗe leda, in ka buɗe ta mutu, ba mai saye. To ta ina zan san abin da ke ciki ya saɓa da na waje? Ko likita bai sani ba sai ya yage.

Ɗan Kaura: To ai ku ne ke kwaso na araha. Araha ba ta ado Alhaji.

Alhaji Mai Kemis: Ɗana, in na kawo mai tsada kai ne na farko da za ka ce na cika tsada ka wuce shagon gaba. Mutum ya zo da takarda da tsakar dare kuɗinsa ba su kai ba yana rantsuwa akuya ya sayar, me zan ba shi?

Dakta Mafara: Barka Baban Ihsan. Abokinka ya faɗi gaskiya, kuma abin ba sabo ba ne a wurinsu. Ina so a raba abu biyu da ake ta cakuɗawa a nan. Jabu daban, kuskuren lebul daban. Jabu wani ne ya zauna da gangan ya kwaikwayi kayan wani. Kuskuren lebul kuwa yana faruwa har a manyan kamfanoni masu suna, kayan na gaske ne, masu kyau ne, amma an sa su a rigar da ba tasu ba. Kusar ƙashi mai tsawon milimita 40 a ledar da ta ce 36, ƙarfen gwiwar hagu a kwalin dama, ranar lalacewa da aka buga ba daidai ba, abin da ke da roba mai sa wasu borin jini an manta ba a sa gargaɗi ba, ko takardar bayanin yadda ake wanke kaya da turara su ta zo da kuskure. A Amurka hukumarsu ta abinci da magunguna, FDA, ta raba janye kaya aji uku. Aji na 1 shi ne wanda ake ganin zai iya kisa ko mummunar illa, na 2 illar da za ta iya warkewa, na 3 wanda da wuya ya cutar amma ya saɓa doka. Kuma ba kullum janyewa ke nufin a kwashe a mayar ba, wani lokaci gyara ne, a aiko da sabon bayani ko sabon lebul. Galibi ma kamfanin ne da kansa ke fara sanarwa, don ya san in ya ɓoye aka gano, abin da zai biya a kotu ya fi kuɗin kayan nesa ba kusa ba.

Maman Walid: Dakta don Allah milimita huɗu kacal har wani abu ne? Ai ko ƙwayar shinkafa ta fi haka.

Mai Gyaran Ƙashi: Hajiya ɗan hakin da ka raina. Ni a ɓangaren ƙashi nake aiki, kuma kun san yadda muke samun masu harbin bindiga da haɗarin mashin a jihar nan. Likita yana huda ƙashi ya sa ma'auni ya ce a ba shi 36. In aka ba shi 40 ta ɓulla ta ɗaya gefen, a can kuwa akwai jijiya, akwai hanyar jini, in kusa da gaɓa ne ta shiga cikin gaɓar tana gogar guringuntsi duk takun da mutum zai yi. In ta gaza kuma ba ta kama bangon ƙashi na biyu ba, farantin ya yi ta girgiɗi karaya ta ƙi haɗewa. Shi ya sa maigidana da ya koya min aiki bai taɓa yarda da rubutun leda ba, kowace kusa sai na ɗora ta a kan rula a gabansa na faɗi lambar da ƙarfi kafin ya karɓa. Da ina jin haushin abin, ina ganin ɓata lokaci ne, sai ranar da na ɗora wata na ga ta zarce layi.

Yaya Nas Ingila: Sannunku 'yan gida, yanzu na sauka daga aiki na ga zancen. Barka ƙanena Baban Ihsan, a gaishe min da maijego. Bari in faɗi yadda yake a inda nake, ba don in ce sun fi mu hankali ba, tsari ne kawai. In kamfani ya gano kuskure sai ya fitar da takardar gargaɗi mai ɗauke da sunan kaya da lambar REF mai nuna nau'in kayan da lambobin LOT da abin ya shafa, hukumar MHRA mai kula da magani da kayan asibiti a nan Ingila ma tana wallafa su. A asibitinmu akwai wanda aikinsa ke nan ya karɓi irin waɗannan takardu, kafin a tashi aiki an bi shelf shelf an kwashe, an sa a kwali an manna jan tef an kulle. In an riga an sa wa mutum a jiki, kwamfuta za ta fito da sunansa, don duk abin da za a bari a jikin mutum sai an ɗauki lambarsa da na'ura kafin a buɗe, kuma ana karanta ta da baki mutum biyu su ji. Sa wa mutum ƙarfen da ba nasa ba yana cikin jerin abubuwan da hukumar lafiyar ƙasar, NHS, ta ce sam bai kamata su taɓa faruwa ba, amma duk da haka duk shekara sai an samu. Abin da ya fi burge ni shi ne rajista. A 2010 kamfanin DePuy ya janye wani ƙarfen ƙugu mai suna ASR, kusan 93,000 aka sa wa mutane a duniya. Wannan ba matsalar lebul ba ce, ƙarfen ne ke lalacewa da wuri, amma rajistar masu dashen gaɓa ta nan ce ta nuna kusan mutum 1 cikin 8 sai an sake yi masa aiki cikin shekara biyar. Da ba a rubuta wa aka sa wa me ba, wa zai lura?

Ɗan Kaura: To Yaya ai shi ke nan kin ba ni amsa. In sun kwashe sun sa jan tef ina suke kai su? Nan suke jibgo mana. Afirka ce bolarsu.

Yaya Nas Ingila: Wanda na gani da idona kamfani ke zuwa ya karɓa a ƙirga a sa hannu, don su ma hukuma na bin su lissafin nawa suka sayar nawa suka dawo. Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne ƙanena. Kwalayen da suka riga suka bar ƙasar tun kafin a gano kuskuren, suka bi ta hannun dila biyar kafin su iso Gusau, su wa zai bi sawunsu? Takardar tana tsayawa a imel ɗin dila na farko.

Mai Sito: Nan ne gizo ke saƙar. Ni ma'ajin kaya ne a wani asibitin ƙaramar hukuma, ba zan faɗi wanne ba. Littafin da na gada yana da gurbin kwanan wata, sunan kaya, nawa suka shigo, nawa suka fita, saura nawa, sa hannu. Babu gurbin LOT ko ɗaya. Yau ko da za a kira ni a waya a ce lamba kaza a tsayar da ita, abin da zan iya kawai in shiga sito da tocila in bi kwali kwali, wanda ya riga ya fita kuwa sai dai Allah ya tsare. Kuma ku tuna watan Satumba na 2021 da aka kashe sabis a jihar nan gaba ɗaya, makonni muna zaune sai an je Funtuwa ko Sakkwato ake kiran waya. Duk wata sanarwa da ta fito a lokacin ta wuce mu har abada, ba wanda ya dawo ya karanta ta baya.

Malam Na Gummi: Jama'a ni dai ina ganin ana tsananta bincike. Wanda kwanansa ya ƙare ko da zaren zinariya aka ɗinke shi sai ya tafi, wanda ke da saura ko da zaren buhu ne zai tashi. A yi tawakkali.

Liman Ƙarami: Allah gafarta Malam, maganarka gaskiya ce ta fuskar ajali, amma kai ka koya mana hadisin mai raƙumi, ɗaure shi sannan ka dogara ga Allah. Sistar nan da ta duba bakin allura raƙumi ta ɗaure. Kuma hadisin mai tarin hatsi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya ji danshi a ƙasa, ai maganar ke nan, na sama ya saɓa da na ciki. Wanda bai sani ba babu laifi a kansa, amma daga ranar da aka sanar da shi ya ci gaba da sayarwa to ya shiga algus.

Malam Na Gummi: Na karɓa Liman. Allah ya ƙara sani.

Famasis Samaru: Bari in amsa ainihin tambayar Baban Ihsan, wa ke gaya wa mai kemis. A takarda NAFDAC ce. Tun 1993 aka kafa ta kuma ba magani da abinci kaɗai ke ƙarƙashinta ba, har kayan aikin asibiti irin su sirinji, safar hannu, zaren ɗinki, duk sai sun yi rajista. Tana fitar da sanarwar gargaɗi a shafinta na intanet da Facebook, wasu nata ne, wasu kuma ta ɗauko daga hukumomin waje ko Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, tana kuma da manhaja mai suna Med Safety da ake kai rahoto, ga ofis a kowace jiha har nan Gusau. Matsalar ita ce sanarwar da Turanci take, a intanet take, kuma sai ka je ka nema. Magani yana samun gata fiye da kayan aiki, don in sirof ya kashe yara kowa zai ji, kamar My Pikin a 2008 da yara 84 suka rasu, har gidan rediyon ƙauye sai da ya faɗa. Amma wa ya taɓa jin an yi shela a rediyo kan zaren ɗinki? In mace ta zubar da jini a tiyata cewa za a yi jini ya ɓalle, ba mai komawa kwandon shara ya nemo leda.

Alhaji Mai Kemis: Wallahi Famasis shekara 22 ina wannan sana'a, an sha zuwa duba lasisi da kayan da suka yi ekspaya, amma ban taɓa samun takarda ko saƙon waya da ya ce lamba kaza ta zare ko robar fitsari a mayar ba. Ko sau ɗaya. A guruf ɗin ƙungiyarmu akan turo na magani jefi-jefi, shi ke nan.

Famasis Samaru: Na yarda Alhaji. Shi ya sa ake ta faɗan a bar kasuwar magani ta buɗaɗɗen fili a koma cibiya ɗaya da za a san abin da ya shigo da inda ya nufa, kamar yadda aka tashi 'yan Sabon Gari na Kano zuwa Dangwauro, kuma kun ga a Fabrairun 2025 an rufe kasuwar magani ta Idumota a Legas da ta Onica da ta Aba ana bincike. Amma ko an yi wannan, in rasit ɗin da dila ya ba ka bai ɗauke da LOT ba, an yi ba a yi ba. Amurka tun 2013 ta yi dokar cewa kayan asibiti su riƙa ɗaukar lamba ta musamman da na'ura ke karantawa, mu ko biro da littafi muka riƙe da gaskiya za mu rage rabin wahalar.

Inna Ta Bungudu: 'Ya'yana ni ban yi boko ba jikata ka rubuta mani. Shekaran bara anka sa mani robar hitsari bayan aiki, wurin yab bi yak kumbura yay yi ja, jikina dut ƙaiƙayi har numhwashi na yi mani wuya. Sai wani likita yac ce jikina ba shi son irin robar, a sawo hwara. To ɗana ya sawo wadda anka ce hwara ta, anka buɗe sai ga ruwan ɗorawa irin ta hwarko. Shin wanga ma shi na kuka magana?

Sista Mai Tiyata: Sannu Inna, Allah ya ƙara lafiya. Zai iya zama shi, zai iya zama kuma wayon rubutu ne. Akwai wadda silikon ce zalla, fara tas kamar gilashi, akwai kuma ta latas, wato robar itace mai sa wasu borin jini, da aka shafa wa silikon a sama, ita ce mai ruwan ɗorawa. A leda sai a rubuta silikon da manyan baƙi, latas ɗin a ƙasa ƙanana, mai saye da mai sayarwa duk su ɗauka fara ce. Jikar Inna, ki rubuta a takarda cewa jikinta ba ya son latas ki liƙa a katin asibitinta, kuma duk inda za a taɓa ta ki faɗa tun kafin su sa safar hannu, don safar ma yawanci latas ce.

Ɗalibar Nas: Anti Sista don Allah ki ƙara mana bayanin alamomin, mu ana koya mana amma a gurguje.

Sista Mai Tiyata: To ƙanwata. Wanda ya fi rikita mutane kwanan wata ne. In kin ga zanen gilashin yashi mai siririn ƙugu, ranar da kaya ke mutuwa ke nan. In kin ga zanen masana'anta mai haƙora a sama da kwanan wata, ranar da aka yi shi ne. Na sha ganin an zubar da kaya masu kyau an riƙe matattu saboda an juya waɗannan biyun. Lamba 2 a cikin da'ira an soke ta, sau ɗaya ake amfani da shi. STERILE da EO ko R a gefe yana nuna da gas aka kashe ƙwayoyin cuta ko da haske, kuma in leda ta huje ko ta jiƙe wannan rubutun ya tashi aiki. Sai zare, ki kula da kyau, 2 daban 2/0 daban. Lamba 2 kauri gare shi wajen rabin milimita, 2/0 siriri ne, kuma duk yadda sifili ke ƙaruwa zare na ƙara sirancewa. Ga shi kuma a leda ɗaya za ki ga 2/0 sannan a gefe an sa 3 na ma'aunin metirik, mai kemis da bai saba ba sai ya karanta wancan. Launi ma yana taimako, shi ne shaida ta biyu. Kanula 18 kore ce, 20 ruwan hoda, 22 shuɗiya. Robar fitsari 14 bakinta kore, 16 ruwan lemo, 18 ja. In leda ta ce 16 kika ga jan baki, tsaya, kada ki ce ai kusan ɗaya ne.

Ɗalibar Nas: Na kwafe duka, Allah ya saka da alheri Anti.

Ɗan Kaura: To me zai hana a tilasta musu su rubuta da Hausa? Mu ne masu saye ai.

Dakta Mafara: Ba zan ƙi ba, amma a matsalar Baban Ihsan ko da ajami aka rubuta ba zai hana ba, rubutun daidai yake karantuwa, abin da ke ciki ne ba shi ba. Abin da ya cece ta mutum ne ya duba kafin ya miƙa. Takardar duba aikin tiyata da WHO ta fitar a 2008 tambayoyi 19 ne kacal, ana tsayawa sau uku, kafin a sa barci, kafin a sa wuƙa, da kafin a fita da majinyaci. A ciki ana tambayar nas ko kaya sun tsarkaka kuma ko akwai matsala da wani kayan aiki. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya wanda bai fi namu komai ba, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Amma in faɗi gaskiya a kanmu, mu ma likitoci muna da laifi. Ƙarfe biyun dare, janareto na tari, ga wata na jira a waje, nas ta ce Dakta tsaya zaren nan bai yi min ba, wani sai ya daka mata tsawa ya ce miƙo kawai. In ka yi mata haka sau biyu ta daina magana. Kuma sitikar da ke zuwa cikin kwalin raga ta aikin ƙaba ko farantin ƙashi, wadda aka yi don a manna a fayil, sau nawa muke mannawa? Kwandon shara take tafiya da kwalin.

Maman Walid: To mu da ba ma'aikata ba me za mu yi? Ni wata mai zuwa za a yi wa ƙanwata aiki.

Famasis Samaru: Hajiya kafin ki miƙa kaya ki ɗauki hoton kowace leda gaba da baya yadda LOT zai fito, ki karɓi rasit ko da na hannu ne. In an dawo miki da wani abu an ce bai yi ba kada ki yar kuma kada ki bari a mayar cikin kwali a sayar wa na bayanki. In ƙarfe ko raga za a bari a jikinta ki roƙi a manna sitika a fayil a ba ki hoto. Baban Ihsan kai kuma sauran ukun nan da buɗaɗɗiyar in sistar ta ajiye, su ne hujja, ka kawo min shago gobe in taya ka cike rahoton NAFDAC, ba a biyan ko kwabo.

Alhaji Mai Kemis: Amma don Allah a fara zuwa wurin mai shagon cikin mutunci kafin hukuma. In aka zo da mota aka rufe masa shago kan laifin kamfanin da ke wata ƙasa, gobe ba mai kemis da zai sake yarda ya ce ga matsala, kowa ɓoyewa zai yi.

Famasis Samaru: Rahoton kan kaya ne Alhaji ba kan mutum ba, amma na yarda a fara da shi, don ma a tsayar da sauran kwalin yau yau.

Baban Ihsan: Jama'a na dawo. Bayan la'asar nit tahi wurin mai kemis ɗin da ledojin ukku, kuma wallahi bawan Allah bai yi gardama ba ko kaɗan. Yaj jawo kwalin daga ƙasan kanta, lamba ɗaya da tawa. Yac ce shi ɗauki hasarar guda, yay yage ta gabana da wani nas maƙwabcinai, nas ɗin yad duba yac ce mai kaihi ta, leda kuwa da'ira da ɗigo. Sai jikinai yay yi sanyi. Ya maido mani kuɗina, ya sa sauran cikin leda ya ɗaure ya rubuta kada a taɓa, ya kira dilanai na Kano gabana, shi kuma yac ce katon goma yas saye kuma ya rarraba Gusau da Sakkwato da Birnin Kebbi, za shi bincika littahinai. Munka ƙirga, sha biyu ka zuwa cikin kwali, ni na ɗauki huɗu, biyar munka tarar har da wadda anka yage. Saura ukku. Yac ce ranar Lahadi wani mutum yaz zo da takarda daga wajen Maradun yas saye su, bai san sunanai ba, bai da lambatai, abin da yat tuna kawai dogo na da jar hula kuma yac ce aikin hanji za a yi ma yaronai.

Sista Mai Tiyata: Hanji kuma? Ya Salam. Baban Ihsan turo hoton ledar nan yanzu yadda lambar za ta fito sosai, in tura guruf ɗin ma'aikatan tiyata na jiha.

Mai Sito: A turo min ni ma, ina da abokin aiki ta wajen Maradun da Mafara, in sabis ya bari zan kira shi daren nan ya leƙa tiyatarsu.

Alhaji Mai Kemis: Ni ma zan sa a na ƙungiya, har 'yan Kebbi suna ciki. Bari in sauka shago in duba nawa kwalayen tukun.

Baban Ihsan: Ga hoton nan na turo, in bai hito ba ku hwaɗa in sake ɗauka bakin hitila. Famasis ina nan tahe ƙarhe tara in sha Allah, in na kai ma maijego kunu.